Gishirin Teku Ɗanye Ko Na Leda: Wanne Za Ki Zuba A Tukunya?

Wata Asabar cikin damina Yaya ta shigo gidana a Gwammaja, ko mayafi ba ta cire ba ta zaro wata 'yar roba mai murfi daga jaka ta dire mini a kan tabarma. Gishiri ne mai tsakuwa-tsakuwa, launinsa toka-toka, da ɗan danshi kamar an yayyafa masa ruwa. Ta ce, "Ungo ki gani. Gishirin teku ne na asali, inji bai taɓa shi ba. An ce wanda muke ci na leda duk an tsotse amfaninsa, dusa kawai aka bar mana." Da ta faɗi abin da ta biya a kan rabin kilo sai da na sake tambaya, don kuɗin zai riƙe gidanta da gishirin leda wata da watanni. Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. Yaya tana da hawan jini, likita ya ce ta rage gishiri, ita kuwa mai tallar ta tabbatar mata cewa wannan ba ya tayar da jini. Sai ta saki hannu a miya.

Sana'ata yaji da dambun nama, don haka babu ranar da hannuna ba ya shiga gishiri. Na yi aiki da na leda, na yi da ɗanyen na teku iri uku ko huɗu, kuma na tashi na tarar da gishirin Bilma a ɗakin kakata. Ina son ɗanyen gishirin teku, ina kuma sayensa. Sai dai harshe ne da hannu suke sa ni sayensa, ba neman magani ba, kuma bai taɓa korar na leda daga tukunyata ba.

Yadda ake samunsa ba wani abin ɓoye ba ne. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri. Ana janyo ruwan zuwa wasu faffaɗan kududdufai marasa zurfi, a bar rana da iska su yi aikinsu, ruwa ya ƙafe, gishiri ya kwanta, a kwashe. Idan aka tsaya a nan, shi ne ɗanye. Idan aka kai shi masana'anta aka wanke, aka niƙa, aka busar, aka zuba masa sinadarin aidin da abin da zai hana shi curewa, shi ne na leda da muka sani. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, sau da yawa uwarsu ɗaya. Najeriya tana shigo da ɗanyen gishiri mai yawa daga ƙasashe irin su Namibiya da Brazil, kuma na Walvis Bay a Namibiya gishirin teku ne da rana ta busar. Kamfanoni irin su NASCON mai yin Dangote Salt su ne ke tace shi a Legas su ƙulla a leda. Wato wannan farin gishirin da ake ce wa Yaya ta guje shi, wataƙila shi ma daga teku ya fito, wanka kawai aka yi masa.

Mu kuwa a Kano tsakaninmu da teku tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Duk abin da aka miƙo miki da sunan gishirin teku ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso, kuma ba abu ɗaya ake kira da wannan sunan ba.

Akwai na kanti, wanda ke zuwa a ƙulle daga waje. Mafi shahara shi ne mai launin toka na yankin Gerand a gaɓar yammacin Faransa, wanda wasu ke sayarwa da sunan Celtic. Tokar tasa daga yumɓun ƙasan kududdufin take, danshinsa kuma ragowar ruwan teku ne da ba a busar ba. Wannan shi ne irin na Yaya. Maƙwabtanmu ma suna yin nasu: a Ada ta ƙasar Gana, bakin tafkin Songor, da Kaolak a Senegal, gishiri ne fari mai manyan ƙwayoyi, kuma idan aka kwashe shi da tsabta babu abin da na Turai zai nuna masa. Sannan akwai na buhu, wanda ake aunawa da kwano ba suna ba adireshi, shi ne mai buƙatar ido sosai, zan dawo kansa.

Mai ruwan hoda da ake kira na Himalaya ba na teku ba ne ko kaɗan a yau. Dutsen gishiri ne da ake haƙowa a Pakistan, mafi yawa daga mahaƙar Khewra a lardin Punjab, kuma ɗan sinadarin ƙarfe ne ya ba shi launin. Idan mai shago ya ce miki gishirin teku ne, ko bai sani ba, ko yana so ya sayar.

Namu na gado ma ba na teku ba ne, amma ba zan wuce shi da sauri ba, don duk lokacin da na ji ana kambama gishirin Faransa sai na tuna da shi. Tun kafin a san leda, Buzaye ke haɗa ayarin raƙuma da kaka daga duwatsun Azbin, su keta saharar Tenere tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Fachi da Bilma, su kai gero su karɓo gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa har Kano. A can ma rana ce ke ƙafar da ruwan gishiri a ramuka, sai dai ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Iri biyu suke kawowa: beza, mai kyau na cin mutane, da kantu, wannan dogon curin mai kama da turmi a kife, wanda aka fi ba dabbobi su lasa. Kakata tana da ɓallin beza a cikin wani ƙoƙo a rataye, idan za ta yi miyar kuka sai ta ɓantara da bakin wuƙa, ta murje tsakanin yatsu. Har yau idan kika shiga Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kika tambayi masu kayan ƙanshi da su kanwa, za a nuna miki inda irin waɗannan suke. Wadda take neman gishirin da inji bai taɓa ba, ba sai ta jira jirgi daga Turai ba.

To, a ina suka bambanta da na leda, a ina kuma suke ɗaya?

Ta wajen hawan jini ɗaya suke, kuma wannan ita ce maganar da na fi so ta shiga kunne. Abin da ke tayar da jini a gishiri shi ne sodiyam, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Na teku, na Bilma, mai ruwan hoda, na leda, duk wannan sinadarin ne jigonsu. Idan kika ga an rubuta cewa ɗanyen yana da ƙarancin sodiyam, yawanci ruwan da ke jikinsa ne ya cike gurbin, ko kuma girman ƙwayoyinsa ne ya sa cokali ba ya ɗaukar da yawa. Amma ai ba da cokali harshe ke aunawa ba. Za ki yi ta ƙarawa har miya ta ji, a ƙarshe abin da ya shiga jiki daidai yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafin har da wanda ke cikin dunƙulen magi, da burodi, da taliyar yara, da yajin tsire. Kanwar da muke jefawa a wake da ɗanwake ma tana da sodiyam nata. Babu wani gishiri da ya fita daga wannan ƙa'idar saboda tsadarsa.

Maganar ma'adinai kuwa gaskiya ce da aka yi wa ƙarin gishiri. Za ki ga ana tallar cewa yana ɗauke da ma'adinai 84. Lallai ɗanyen gishiri yana da ɗan maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam waɗanda wanki ke ragewa. Tambayar ita ce nawa? A cikin giram 5 ɗin da aka yarje miki a yini, fotasiyam ɗin da za ki samu bai kai na dabino ɗaya ba. Maganiziyam ɗin kuma, tafi guda na gyaɗa ko riɗi zai ba ki kwatankwacinsa ko fiye. Kafin ki ci gishirin da zai wadatar da ke da waɗannan, sodiyam ya riga ya yi ɓarnarsa. Zogale da wake da alayyafo sun fi shi wannan aikin nesa ba kusa ba, kuma ga su nan a Yankaba da Rimi da araha.

Inda na leda ya yi wa ɗanye fintinkau shi ne aidin. Mutane da yawa suna zaton tunda daga teku yake, ai cike yake da aidin. Ba haka ba ne. Kifin teku da ciyawar teku ne ke da shi da yawa, gishirin kansa abin da ya rage a jikinsa bai taka kara ya karya ba. Mu kuma ba masu cin kifin teku kullum ba ne. Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a da, ka ga mace da ƙullutu a wuya kamar ta haɗiye ƙwarya. Rashin aidin ne ke kawo mafi yawansa. Abin da ya fi maƙoƙo muni shi ne wanda ido ba ya gani: idan mai ciki ta rasa aidin, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ce ke tauyewa, kuma wannan ba ya gyaruwa daga baya. Babba yana buƙatar maikirogiram 150 a yini (maikirogiram 1,000 ne miligiram ɗaya), mai ciki da mai shayarwa 250. Shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta, kada kuma ya gaza 30 a lokacin da ya iso hannun mai saye. Raguwar maƙoƙon da muka gani a rayuwarmu, wannan 'yar ledar tana da babban hannu a ciki. Ina jin zafi idan na ga amarya mai ƙaramin ciki ta watsar da ita ta koma ɗanye zalla saboda wani bidiyo da ta gani a TikTok.

Inda ɗanye ya yi nasara kuwa a baki ne, amma ba ko'ina ba. A miyar kuka ko taushe, inda daddawa da attaruhu da man ja suka haɗu, na gwada na kuma ba mutanen gida su ɗanɗana, babu wanda ya iya rarrabewa. Da zarar ya narke a tukunya, gishiri gishiri ne. Bambancin yana fitowa ne idan aka barbaɗa shi a kan abin da ya riga ya dahu: gasasshen kifi, balangu mai zafi, dafaffen rogo, yankakken gurji da tumatir, kwaɗon zogale. A nan za ki ji ƙwayar tana fashewa a haƙori, zartsinsa yana zuwa a hankali, ba ya dukan harshe lokaci ɗaya kamar mai laushi. Mai launin tokar yana da wani ɗan ɗanɗano a bayansa, kamar ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko. Don wannan nake sayensa. A cincin da fanke da kek kuwa mai laushin ya fi, domin shi ke bin gari ko'ina, mai tsakuwa sai ya taru wuri ɗaya wani ya ci karo da shi.

A yaji na sha wahalarsa kafin na gane. Danshinsa yana sa yaji ya cure, ƙuli ya yi laushi, cikin mako biyu ƙanshin ya canza. Idan dole sai da shi, ki zuba a busasshen kasko ki ɗan soya sama-sama har ya daina manne wa cokali, ya huce, sannan ki daka a turmi ki tankaɗe.

Yanzu ga na buhu. Shekarun baya wani mai awo a kasuwa ya nuna mini gishiri mai manyan ƙwayoyi, ya ce, "Hajiya, wannan shi ne na teku da ake ta nema, a kanti sai kin ninka kuɗin nan sau nawa." Na sayi kwano biyu na daka yaji da shi. Kwana uku wata mai sayen yajina ta kira ni ta ce, "Maman yara, lafiya kuwa? Yajin nan ƙasa-ƙasa yake a haƙori." Na ɗebi ragowar gishirin na narka a kofin gilashi. Kafin na idar da sallar la'asar, yashi ya kwanta a ƙasan kofin, a sama kuma ga zaren buhu da wani baƙi-baƙi suna yawo. Duk yajin na zubar, na mayar wa mutane kuɗinsu. Kano gari ne na fata, daga majemar gargajiya har masana'antun Challawa da Sharaɗa, kuma ana amfani da gishiri mai tsakuwa buhu-buhu wajen adana fata da ƙirgi kada su ruɓe. Akwai kuma na dabbobi. Irin waɗannan ba don ci aka tanade su ba, ba a kula da tsabtarsu kamar na abinci, sau da yawa ba a sa musu aidin, amma a ido kamarsu ɗaya da wanda ake sayarwa da tsada. Tun daga ranar ban ƙara sayen gishirin awo ba tare da na ga buhun da ya fito ba, na karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

Wannan gwajin kofin shi ne mafi amfani a duk abin da zan faɗa, kuma ba ya cin ko sisi. Ki sayi kaɗan tukuna. Ki zuba babban cokali ɗaya a rabin kofin gilashi na ruwa mai ɗumi, ki juya har ya narke, ki ajiye shi kamar minti 20. Farin gishirin teku mai kyau zai bar ruwan garau. Mai launin toka zai ɗan yi hazo, wataƙila ki ga laka siririya kamar hoda a ƙasa, wannan yumɓunsa ne, ba laifi. Abin ƙi shi ne yashin da za ki ji tsakanin yatsu idan kika tsiyaye ruwan, ko tsakuwa, ko zare, ko maiƙo a sama. Idan mai launi ne kuma ruwan ya rine nan take kamar an zuba kalar zoɓo, a bar shi, launin asali ba ya fita haka.

Bayan kofi sai hannu. Ki damƙi kaɗan ki matse. Ɗanye na gari zai ɗan haɗu sannan ya warware idan kin buɗe tafin, ya bar sanyi-sanyi. Idan ya jiƙa miki hannu sharkaf, ko kika ga ruwa ya taru a gindin leda, ruwa za ki saya da kuɗin gishiri, tunda a sikeli ake auna shi. Lokaci ma yana da tasiri: da damina gishiri yana zuƙar laima ya ƙara nauyi, da hunturu kuwa a bushe yake, don haka mai sayen da yawa gara ta bari iska ta juya. Karin maganar nan da ke cewa gishiri na yi wa man kaɗanya dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya, duk mai ajiye gishiri a Kano cikin watan Agusta ta ga zahirinta.

Sai hanci da harshe. Bai kamata ya yi wari ba. Idan kika ji ƙarni, ko warin kalanzir, ko na sabulu, ya kwana kusa da abin da bai dace ba a sito ko a mota. Ki ɗora ƙwaya ɗaya a harshe ki bari ta narke da kanta. Ɗan ɗaci kaɗan a ƙarshe na maganiziyam ne, amma idan ɗacin ya riƙe maƙogwaro, an kwashe shi ba a tsane ruwan ƙarshe ba, zai ɓata miki abinci.

Na kanti kuma a juya bayan ledar a karanta. A nemi ƙasar da aka yi shi, da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar NAFDAC. A duba ko an rubuta cewa an sa aidin, domin akwai gishirin teku mai tsakuwa da ake ƙara wa aidin, kuma idan kika samu irinsa kin huta da rabin damuwar. Ido ba ya ganin aidin, harshe ba ya jin sa. Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwa da suke ɗigawa, gishirin ya koma shuɗi idan akwai. Wanda aka ɗura a roba aka manna masa takarda mai sunan Faransa, babu adireshi babu lamba, ana tallarsa a WhatsApp, ba ki da hanyar sanin ko daga wane buhu aka ɗebo shi. Duk wanda kuma aka rubuta masa jerin cututtukan da yake warkarwa, daga ciwon suga har rashin haihuwa, ni a nan nake ajiye shi.

Ajiyarsa ba wuya. Kwalba ko roba mai murfi, nesa da murhu, ban da gwangwanin ƙarfe don danshinsa yana cin ƙarfe ya yi tsatsa. Na ledar ma yana son murfi, saboda zafi da laima da hasken rana suna rage masa aidin. Wanda aka zazzage a faranti yana shan rana a bakin kasuwa, ko da daga leda mai kyau ya fito, ya yi asarar wani abu.

Idan gida akwai mai ciki, ko mai goyo, ko yara ƙanana, tukunya ta mai aidin ce, ba na ja da wannan. Idan akwai hali ana son daɗin baki, a sayi ɗan kaɗan na ɗanyen a ajiye don barbaɗawa, rabin kilo zai kai wata shida ko fiye idan haka ake amfani da shi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda, barin na leda ya koma ɗanye ba zai yi masa komai ba, ragewa ce maganar, tare da shan maganinsa. Wanda likita ya hana shi aidin saboda wata larura ta wuya, shi ne kaɗai ke da dalilin neman marar aidin, kuma likitansa ne zai faɗa masa. Maigidan da ke cefane da kuɗi ƙididdigagge kuwa, kada ya ji ya tauye iyalinsa don ya riƙo 'yar ledar nan daga shagon unguwa. Canjin ya sayo musu kifi ko ganye.

Ranar nan ban bar Yaya ta tafi ba sai da muka narka nata a kofi. Mai kyau ne, hazo kaɗan ya yi, babu yashi. Na ce, "Yaya, ba a cuce ki a kaya ba, a magana aka cuce ki." Ta yi shiru, sannan ta ce dama kwana biyu tana jin kanta yana sarawa da yamma. Washegari ɗanta ya kai ta aka auna jinin, ya hau. Yanzu ta koma na leda, tana aunawa da ƙaramin cokali maimakon yatsu, surukarta mai ciki ma daga tukunyar take ci. 'Yar robar tana nan a saman kabad ɗinta, ranar Juma'a idan an gasa kifi takan sauko da ita, ta ɗan barbaɗa wa baƙi, nata kuma ta matsa lemon tsami.